Riƙon Ɗalibi Daga Nesa: Jagora Ga Malamin Jami'a Idan Annoba Ta Watsa Aji

A ranar 23 ga Maris 2020, wata guda bai cika ba da samun mutum na farko mai cutar korona a Legas, aka rufe jami'o'in Nijeriya baki ɗaya bisa umarnin hukumar da ke kula da su, kuma a wannan rana ce ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta shiga yajin aikin da ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Saboda haka ko da Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin manyan makarantu a watan Afrilu da su ci gaba da karatu ta intanet, sai umarnin ya iske jami'o'in gwamnati babu malami a bakin aiki, babu kuma wani shiri a ƙasa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da na kwalejojin Gashuwa da Nguru, suka watse zuwa garuruwansu, wannan ya nufi Machina, wancan Yusufari ko Jakusko, wani Haɗeja, wani can kudancin ƙasa, kuma 'yan jami'a ba su sake ganin ɗakin karatu ba sai da shekara ta juya, a Janairun 2021.

Tun da yake annoba ba ta aiko manzo kafin ta zo, kuma ƙasar nan ta ga sanƙarau a 1996, ta ga ambaliyar 2022 wadda ta yanke hanyoyi a Yobe da Jigawa, ya kamata malami ya san yadda zai riƙe ɗalibansa ranar da aka sake kulle ƙofa alhali shi yana bakin aikinsa. Abin da nake ganin shi ne ginshiƙin al'amarin, wanda kuma duk shawarwarin da ke tafe suka rataya a kansa, shi ne cewa ɗalibin da ke nesa yakan ɓace tun ranar da ya fahimci babu mai jiran jawabinsa. Rashin data da rashin wuta suna taimakawa, amma wanda ya san gobe za a kira sunansa a ce ya biya karatu zai nemi caji ko da a ƙauyen maƙwabta ne.

Kada wani ya ɗauka karantarwa daga nesa bidi'a ce da kwamfuta ta zo da ita. Malaman hadisi, da suka ƙididdige hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi daga shehi, sun sanya mukataba a cikinsu, watau shehi ya rubuta wa almajirinsa da ba ya nan, kuma suka yarda ruwaya ta inganta da ita. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, yana zaune a Alƙahira ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas nasiha. A zamaninmu kuwa Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, tun kafa ta a 1976, ta horar da malaman firamare masu yawa ta hanyar littattafan darasi da haɗuwar ƙarshen mako. Sai dai makarantar da ta fi cancanta malamin jami'a ya yi koyi da ita tana nan kusa da shi, ita ce makarantar zaure irin wadda Nguru ta shahara da ita tun zamanin su Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975. A zaure ba a yi wa almajiri jawabin sa'a biyu. Ana ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka, shafi ko rabin shafi, a lokaci sananne da ba ya sauyawa, ya tafi ya yi bita da abokinsa, kuma ba a ƙara masa sai an ji na jiya ya zauna. Waɗannan ƙa'idoji huɗu, ƙanƙantar darasi, da tsayayyen lokaci, da abokin bita, da biya kafin ƙari, su ne za a ɗora a kan waya.

Aikin farko ƙidaya ce, kuma wanda ya tsallake ta ya yi gini a kan rairayi. Malam zai kira wakilin aji, su zauna da takarda ko su yi ta waya, a rubuta sunan kowane ɗalibi da garin da yake zaune a halin yanzu, da lambarsa, da wata lamba ta biyu ta mahaifi ko ɗan'uwa ko maƙwabci wadda za a same shi da ita idan tasa ta mutu. Sa'an nan a tambaye shi, ba tare da kunyatarwa ba, ko wayarsa babba ce mai ɗaukar WhatsApp ko ƙarama ce mai tocila, ko tasa ce ko ta aro, a ina yake caji, kuma wane layi ne ke kamawa a unguwarsu, domin akwai ƙauyen da MTN ke ja Airtel ba ya ja, akwai kuma inda sai an hau tudu ko an fita bakin hanya. Idan an gama za a ga ajin ya rabu uku: masu babbar waya da halin sayen data, da masu waya ta tarayya ko ta aro, da waɗanda ba su da komai sai kira da gajeren saƙo. Hukuncin da zan ba malam a nan shi ne ya gina darasinsa a kan kashi na biyu, ya yi wa na uku tanadi na musamman, ya bar na farko su bi sahu, gama su ba za su rasa komai ba. Akasarin waɗanda suka gaza sun gaza ne don sun gina a kan kashi na farko, saboda su ne masu saurin amsawa, sai malam ya zaci su ne ajin.

Daga nan sai zaɓen kayan aiki, kuma a nan ne ya wajaba a yi lissafi kafin a yi sha'awa. Sa'a guda ta taron bidiyo a Zoom tana cin rabin gigabait ko fiye, a shekarar 2020 kuwa naira 1,000 gigabait ɗaya da rabi take saye. Ɗalibin da ke da darussa shida, kowanne sa'a biyu a mako, zai buƙaci gigabait shida a ƙalla, watau naira 4,000 a mako, 16,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne. Wannan kuwa ba a yi zancen cewa taron kyauta na Zoom yana yankewa bayan minti 40 ba, ko cewa batirin waya ba ya jure bidiyo a zafin Afrilu da Mayu na Gashuwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Saƙon murya na minti goma kuwa bai fi megabait biyu ko uku ba, ana sauke shi sau ɗaya a saurare shi sau goma, a gona ko a kan hanyar kasuwa, kuma darasin zango guda cur ba zai kai abin da sa'a guda ta bidiyo ke ci ba. Don haka murya da takarda su ne asali, bidiyo kuwa nafila ce, a yi ta jifa-jifa don ganin fuskar juna, kuma kada a ɗora maki ko ɗaya a kanta.

Sai malam ya buɗe zaure biyu a WhatsApp, tun da shi ne kowa ya riga ya iya, kuma kamfanonin waya suna sayar da data mai rahusa dominsa kaɗai. Na ɗaya a kulle shi yadda babu mai aika saƙo sai malam da wakilin aji, a nan za a riƙa ajiye darasi bi da bi, domin wanda ya kwana uku babu sabis ya buɗe ya tarar da karatunsa a jere, ba a binne shi ƙarƙashin gaisuwa ɗari biyar ba. Na biyu a bar shi a buɗe don tambaya da muhawara. A 2020 zauren WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka, daga baya aka ƙara zuwa 1,024. Aji mai yawa ƙwarai, irin na darussan gama-gari na 'yan shekarar farko, ya fi dacewa da Telegram, wanda ke da wata fa'ida babba, ita ce ana iya saita shi yadda wanda ya shigo a makare zai ga duk abin da aka aika tun farko. Idan jami'a tana da nata dandali irin su Moodle ko Google Classroom, a ajiye kwafi a can don tarihi, amma kada a ce sai ta can kaɗai.

Naɗar darasi sana'a ce mai ladubbanta, kuma ina so in daɗe a kanta kaɗan, domin da yawa daga cikinmu mun iya magana gaban jama'a, ba mu iya magana gaban waya ba. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan sallar asuba, kafin gari ya waye da hayaniyar babura da injinan niƙa, murya kuma ba ta gaji ba. A shiga ɗaki mai labule da shimfiɗa, gama ɗakin da babu komai yana mayar da amo, a kashe fanka, a jingine wayar a kan littattafai kamar taƙi guda daga baki, kada a riƙe ta a hannu. Kafin a taɓa maɓalli a rubuta kanun maganar a takarda, layi biyar ko shida, amma kada a rubuta jawabin duka a karanta, domin kunne yana gane muryar mai karatu daga ta mai bayani, kuma ta farko barci take sawa. A fara da sallama, a faɗi sunan darasi da lambarsa da kwanan wata, sa'an nan, tun kafin a shiga bayani, a faɗi tambayar da za a nema jawabinta a ƙarshe, domin ɗalibi ya saurara yana farauta. Mas'ala ɗaya tak a kowane saƙo, minti takwas zuwa goma sha biyu. Laccar da aka saba yi a sa'a biyu, idan aka cire jiran masu latti da maimaici da labarin da ba na darasi ba, za a tarar saƙo uku ko huɗu sun ɗauke ta. In malam ya yi tuntuɓen harshe ya gyara ya wuce kamar yadda zai yi a aji, kada ya ce sai ya sake daga farko, gama mai neman kamala a wannan aiki ba ya kai mako na uku. Karatu daga nesa kamar ban-ruwan tattasai ne a fadamar Kogin Yobe, kaɗan-kaɗan a kan kari, wanda ya malala na mako guda a yini ɗaya ya kashe shuka.

Kowane saƙon murya ya tafi da takardarsa, shafi ɗaya ko biyu. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta da baƙin alƙalami a farar takarda, da manyan haruffa, ya ɗauki hotonta a inuwa da rana, wayar tana daidai saman takardar don kada rubutu ya karkace. Dabarar da ta fi kowace amfani, musamman ga masu lissafi da kimiyya da nahawun Larabci, ita ce a sa wa kowane layi lamba, yadda malam zai ce a duba layi na bakwai, a ga abin da ya faru da alamar da ke layi na shida. Da wannan takarda ta zama allo, murya ta zama yatsan da ke nuni. A haɗa shafukan a fayil ɗaya na PDF, a ba shi suna mai lamba irin ta saƙon, kada a aika littafi mai shafi ɗari uku a ce a karanta, domin babu mai karanta shi a fuskar waya. Game da harshe kuwa, darasin da ake jarrabawa da Turanci a yi shi da Turanci, amma babu laifi malam ya rufe da taƙaitawa ta minti ɗaya da Hausa, wadda ita ce ta haɗa Babade da Bamange da Bafulatani a wannan yanki. Sai dai ya tuna jami'ar tarayya ce, akwai ɗan Binuwai da ɗan Inugu a ajin, kada ya faɗi wani abu a taƙaitawar da bai faɗa a asalin darasin ba.

Lokaci kuwa a tsayar da shi kamar lokacin salla. Idan an ce darasi zai fito Litinin da Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, ya fito, ko da malam zai naɗe shi tun jiya. Ranar da ya saɓa sau biyu a jere, ɗalibai sun sami fatawar saɓawa. A ba da kwana biyu cikakku don amsawa, saboda mai zuwa shagon caji da mai jiran datar dare, wadda ke da rahusa daga tsakar dare zuwa asuba. Sau ɗaya a mako a yi majalisi na sa'a guda wanda malam zai zauna a zaure na biyu yana amsa tambaya nan take, a rubuce ko da gajeren saƙon murya, kuma bayan isha'i ya fi, domin ɗalibin da ya koma gida ba baƙo ba ne, hannu ne da aka samu: da damina yana gonar gero tun safe, da rani yana fadama ko bakin ruwa wurin su, ranar kasuwa yana rumfar mahaifinsa. Azumin 2020 ya faɗo ne daga 24 ga Afrilu, tsakiyar kulle da tsakiyar zafi, kuma duk wanda ya sa majalisi tsakanin la'asar da buɗa-baki a irin wannan wata shi kaɗai zai zauna. Wajibi ne kuma shugaban sashe ya raba wa malamai ranaku, don kada mutum shida su yi wa yaro ɗaya rubdugu a dare guda.

Yanzu ga zuciyar aikin, watau biya. Bayan kowane darasi, kowane ɗalibi zai mayar da jawabin tambayar da aka yi, da muryarsa da lafazinsa, a saƙon da bai wuce minti ɗaya ba, ko a layi biyar na rubutun hannu. Malam zai ce, ina zan sami lokacin sauraron mutum 120 sau biyu a mako? Ba zai samu ba, ba a kuma nema daga gare shi ba. Sai a raba ajin ƙungiya-ƙungiya, mutum takwas zuwa goma, kowace da shugabanta wanda zai yi aikin da magabata ke ba mu'idi, mai maimaita wa 'yan'uwansa karatun shehi: shi zai karɓi jawaban, ya rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, ya tattara wuraren da suka shige wa mutanensa duhu, ya miƙa wa malam a saƙo ɗaya. Malam kuma ya zaɓi goma ko goma sha biyar ya saurara da kansa, yana sauya su kowane mako ba tare da kowa ya san wanda za a ɗauka ba, sa'an nan ya buɗe darasi na gaba da su, yana ambaton suna: wance ta kawo misali mai kyau daga kaza, wane ya kusa amma ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, ga inda suka rabu. Yaron da ke zaune a ƙauye watanni, yana ganin duniya ta manta da shi, idan ya ji malaminsa ya ambaci sunansa gaban aji, ba ya sake fashi. Shugabancin ƙungiya a riƙa juya shi duk bayan mako uku, domin wanda ya maimaita wa wasu shi ya fi kowa riba, bai kamata mutum ɗaya ya cinye ta ba.

A haɗa ƙungiyoyin bisa kusancin gari, na Nguru tare, na Gashuwa tare, na hanyar Geidam tare, domin a nan ne maganin kashi na uku yake. Mai babbar waya ya sauke darasi sau ɗaya, ya tura wa maƙwabcinsa ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe ko sisi ba, ko a zuba masa a memori, wanda ƙananan wayoyi da yawa da rediyoyin zamani suna karantawa. Masu shagunan caji da tura waƙoƙi a bakin tasha sun fi mu ƙwarewa a wannan. Sharaɗi dai a kiyaye dokar ma'aikatan lafiya, mutum biyu a fili, da takunkumi da tazara da wanke hannu, kuma idan cutar ta tsananta a gari a bar haɗuwa ɗungum. Wanda ko wannan bai samu ba, shugaban ƙungiya ya kira shi ya karanta masa tambayar, ya karɓi jawabinsa ta baki.

Ɗalibin da ya yi shiru mako biyu a jere, malam ya kira shi da kansa, kuma kada ya fara da tuhuma. Ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, domin a lokacin annoba shiru yakan zama rasuwa ce aka yi, ko jinya, ko cinikin uba ya tsaya har an sayar da wayar an sayi hatsi. Wanda ya ga yadda aka yi ta binne dattawa a Kano a watan Afrilun 2020 ba zai yi gaggawar kiran yaro malalaci ba. In rasuwa ce a yi masa ta'aziyya a zaure da izininsa, a ɗage masa wa'adi. Gyaran kuskure na ilimi a yi shi a fili don kowa ya amfana, amma faɗa da zancen maki a yi su a keɓe.

Ɗalibai mata suna da hukunci na daban wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba. Da yawansu wayar ta miji ce ko ta wa, ba ta zuwa hannunsu sai dare, aikin gida kuma ya ninku tun da yara ba sa zuwa makaranta; kuma shiga zaure yana bayyana lambar mace ga duk namijin da ke ciki. Saboda haka a naɗa wakiliya mace tare da wakilin aji, a bar wadda ta so ta shiga ƙungiyar mata zalla, kada a tilasta wa kowa buɗe kyamara, a kuma shelanta tun ranar farko cewa duk wanda ya ɗauki lambar ɗaliba daga zaure ya dame ta za a kai maganarsa gaban shugaban sashe. Malam shi ma ya tsare kansa daga wuraren zargi, ya bar saƙon keɓe da dare, abin da zai faɗa wa ɗaliba ya faɗa da rana, a taƙaice, a kan karatu.

Ladubban zaure kaɗan ne, a rubuta su a maƙala a sama: ba siyasa, ba talla, ba tura labarin magani ko jita-jitar da ba ta fito daga hukumar lafiya ba, gaisuwar Juma'a a yi ta da kalmomi ba da hotuna da bidiyo masu cin datar talaka ba, kuma kowa ya kashe saukar da hotuna ta kai-tsaye a wayarsa.

Amma zancen aikin gida da maki, a nan ne malamai suka fi kuka, suna cewa yara kwafa suke yi. Lalle suna yi, kuma za su yi ta yi muddin tambayar irin wadda jawabinta ke kwance a intanet ce. Magani shi ne a tambayi abin da sai wanda ke wurin zai sani. Mai karanta tattalin arziki ya bi farashin busasshen kifi ko tattasai ko buhun gero a kasuwar garinsu na 'yan makonni, ya bayyana abin da rufe iyakokin jihohi ya yi masa, kamar rufewar da ba a ɗage ba sai 1 ga Yulin 2020. Mai ilimin halittu ya kwatanta yadda kacala ta toshe magudanan ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, da abin da ta jawo wa masunta da manoman shinkafa. Mai tarihi ya tambayi dattijon gidansu abin da ya ji game da kasuwancin gyaɗa da ƙaro da fatu bayan isowar jirgin ƙasa Nguru a 1930, ya auna ruwayarsa da abin da ke cikin littafi. Irin wannan aiki ba a iya satarsa, kuma yana sa mahaifi ya ga ɗansa karatu yake yi, ba danne-dannen banza ba, wanda shi kansa rabin nasara ne, tun da mahaifin ne mai sayen data. A karɓi aikin da rubutun hannu, da suna da lamba a kowane shafi. Wanda aka yi shakkarsa a kira shi minti biyar a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya rubuta, gaskiya za ta fito. Gajerun gwaje-gwaje ana iya yin su a Google Forms, a bar ƙofa a buɗe yini guda, domin gwajin minti goma sha biyar a ƙasar da sabis ke ɗaukewa ƙarfin layi yake aunawa. Duk wannan ya shiga cikin makin aikin zango, 30 ko 40 ɗin da aka saba warewa. Babbar jarrabawa kuwa, a ra'ayina, a jira da ita har a dawo, haka nan aikin ɗakin gwaji da na gona da koyarwar gwaji ta ɗaliban ilimi, gama bidiyon wani yana auna sinadari bai sa hannun mai kallo ya iya ba, kuma shaida a kan abin da ba a yi ba cin amana ce.

Malam kuma yana da haƙƙin kansa. Ya sanar da sa'o'in da yake amsa saƙo, ya rufe bayansu, in ba haka ba zai wayi gari yana amsa tambaya ɗaya sau arba'in har ƙarfe ɗayan dare. Tambayar da aka yi masa a keɓe alhali ta shafi kowa, ya amsa ta a zaure. Hukumar makaranta kuma ta san data da caji kayan aiki ne kamar alli da allo, ba daga albashin malami ya kamata su fito ba. Ta kuma tuna cewa a watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an yanke layukan waya a Yobe har wajen wata biyu, don haka darasin da ke zaune a intanet kaɗai bai tsira ba: kowane sashe ya ajiye muryoyi da takardun malamansa a kwamfuta da memori, ya sabunta ƙidayar ɗalibai a farkon kowane zango tun ana zaman lafiya, ya kuma gwada wannan tsari na mako ɗaya a cikin zango ko babu abin da ya faru, domin a gane lambobin da suka mutu da malaman da ke buƙatar a nuna musu.

Ranar da aka buɗe makaranta, kada a ɗora daga inda murya ta tsaya kamar kowa ya bi. A makon farko a yi gwaji marar maki a kan duk abin da aka aika, a ɗauko takardun shugabannin ƙungiyoyi a ga waɗanda suka fi fashin biya, a ware musu mako biyu na muraja'a da yamma ƙarƙashin waɗanda suka yi fice, sa'an nan a shiga aikin ɗakin gwaji da aka jinkirta, a sa ranar jarrabawa bayan an gama shi.